Tsohuwar Akori-Kura a Tsakar Gida: Tunawa ce ko Tarawa?

Wanda ya taɓa ratsa garuruwan Mayo-Sava a arewacin Kamaru, daga Mora zuwa Kolofata har Kerawa a bakin iyakar Nijeriya, da wuya ya rasa ganin irin wannan abu. A bayan wani danga, ko a gindin darbejiya, ga tsohuwar akori-kura an ɗora ta a kan duwatsu. Tayoyi sun tafi, gilashi ya fashe, fenti ya koɗe, kaji suna ƙwai a inda direba yake zama a dā. In baƙo ya tambayi masu gida don me ba su rabu da ita ba, amsa ɗaya yakan ji: "Ai motar Baba ce."

Amsar gajeriya ce, amma akwai tambaya mai nauyi a cikinta. Daidai ne mutum ya riƙe abin da ya daina amfani domin kawai yana tuna masa da wanda yake ƙauna? In kuwa daidai ne, ina iyakarsa? Tambayar ba masu mota kaɗai ta shafa ba. Wata tana ajiye da keken ɗinkin mahaifiyarta, wani kuma da garmar kakansa. Amma akori-kura ta fi dacewa da misali, gama ko bayan ta mutu akwai kuɗi a jikinta, gidan da yake ajiye da ita kuwa sau da yawa yana bukatar kuɗin nan.

Abin da motar nan ta kasance

Kafin a yanke hukunci a kan masu ajiye tsohuwar mota, ya kamata a san abin da ta yi musu. Kamfanin Peugeot na Faransa, wanda Hausawa suke kira Fijo, ya fito da mota ƙirar 404 a 1960. A 1967 ya ƙera irinta mai buɗaɗɗen baya don ɗaukar kaya. A ƙasashen da ake jin Faransanci ana ce mata kat-san-kat, watau 404, ko kuwa bashe, saboda tamfol ɗin da ake rufe bayanta da shi. Ƙirar 504 ta biyo baya a 1968, ita ma daga baya aka yi mata akori-kura. A 1975 aka fara harhaɗa motocin Fijo a Kaduna, aka ci gaba da 504 a can har wajen 2006. A Kenya kuwa ba a daina harhaɗa 404 ba sai 1991, shekaru da yawa bayan an daina ta a ƙasar da aka haife ta.

Kusancin Nijeriya ya taimaki masu Fijo na wannan yanki ƙwarai. Kayan gyara sukan taso daga Maiduguri, su bi ta Bama da Banki su shigo Amchide, wadda take cikin gundumar Kolofata. Man fetur ma ta nan yake shigowa a jarka, wanda mutanen arewacin Kamaru suke kira zuwa-zuwa. Injin motar kuwa ba shi da wuyar sha'ani. Bakanike mai sifana da filaya da kunne mai kyau yana iya kwance kafireta a gindin itace, ya hura, ya mayar, mota ta tashi. Waɗanda suka ƙera ta sun yi ta don kayan da bai wuce tan 1 ba, amma a hanyar Mora ba wanda ya taɓa tambayarta nawa take iyawa.

Ta ɗauki buhunan albasa da masakwa da gyaɗa zuwa kasuwar Mora ta ran Lahadi, da Marwa mai nisan kilomita 60 daga can. Bayan kamfanin auduga na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 da babban ofishinsa a Garwa, ya biya manoma kuɗin kaka, ita ce take komo da kwanon rufi da keke da buhun gishiri. Ta kai amare gidajensu. Ta kai matan ikkilisiya taro suna waƙa a bayanta. Ta kai masu naƙuda asibiti da tsakar dare, wani lokaci kuma ta komo da gawa. Da damina, sa'ad da rafuka suka kawo, fasinjoji sukan sauka su naɗe wando su tura ta cikin laka, kowa da kowa, ba mai tambayar addinin wanda yake turi kusa da shi.

Ran 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa. Faran 1 na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100, duk abin da ake kawowa daga Turai ya yi tsada. Masu tsofaffin motoci da yawa suka kāsa gyara. Sannu a hankali Toyota Hilux da babura masu araha suka karɓe hanya, Fijo ta koma kan duwatsu.

Gardama a wani gida

A ɗauki misalin wani gida a Kolofata. Maigidan ya sayi kat-san-kat ta hannu a Garwa tun yana sabon magidanci, ya yi shekaru yana jigila da ita. Da ita ya ci da iyali, ya rufe ɗakuna da kwano, ya sa yara makaranta. Sa'ad da abokan sana'arsa suka ajiye nasu, shi ya ci gaba da lallaɓa tasa, yau walda, gobe ɗaurin waya da roba.

Ran 27 ga Yuli 2014 'yan Boko Haram suka faɗa wa Kolofata, suka kashe mutane, suka tafi da lamidon garin da matar Amadou Ali, mataimakin firayim minista, wanda ɗan garin ne. A Janairu 2015 suka sake zuwa, suka kai wa barikin soja hari. Cikin waɗannan watanni mutane da yawa suka tsere zuwa Mora. Tsohuwar motar nan, wadda sai an tura take tashi, ta kwashe iyalin maigidan da na maƙwabta biyu, Kirista da Musulmi, tsofaffi da jarirai, ta kai su lafiya. Tafiyarta ta ƙarshe ke nan. Da hankali ya ɗan kwanta aka jawo ta gida, ba a daɗe ba kuwa maigidan ya rasu.

Ya bar matarsa, da 'ya'ya maza biyu, da auta mace wadda ta sami shiga makarantar koyon aikin jinya a Garwa, amma ba kuɗin tafiya. Sai ga mai sayen tsohon ƙarfe ya zo ya taya motar bisa kilo. Wani bakanike kuma daga Mora ya aiko yana son inji da giya.

Ƙanen ya ce wa wansa, "Yaya, ƙarfe ne fa. Damina tana ci, tsatsa tana ci. Abin da za a ba mu bana, baɗi ko rabinsa ba za mu gani ba. Ga yarinya zaune a gida, sa'o'inta sun tafi."

Wan ya ce, "Kai ba ka san motar nan ba. Ni na yi wa Baba yaron mota shekara bakwai. A bayanta aka kai Inna asibiti daren da aka haife ka. Ita ta fitar da mu daga wuta. Yau in zuba ido a sare ta da guduma, a auna a sikeli kamar gawayi? Ina da rai, a'a."

Ba mugu a cikin su biyun. Ƙanen yana duban mai rai da yake gabansa, wan yana duban bashin godiya da yake bayansa. Shi ya sa gardamar take da wuya, gama da ɗaya mai haɗama ne ɗaya kuma mai adalci, da ba a bukatar dogon tunani.

Masu tara tsofaffin motoci

A wasu ƙasashe ajiye tsohuwar akori-kura ya zama abin sha'awa mai zaman kansa. Kamfanin Ford na Amurka ya fara sayar da akori-kura haɗaɗɗiya daga masana'anta a 1925, a 1948 kuma ya fara jerin da ake kira F, wanda ya shahara ƙwarai. Akwai mutane a can da suke neman waɗanda aka ƙera shekaru 60 ko 70 da suka wuce, su kwance su ƙusa ƙusa, su gyara, su yi musu sabon fenti, su kai su wurin nuni. A Faransa motar da ta haura shekara 30 tana iya samun takarda ta musamman ta motar tarihi. Kamfanin Peugeot da kansa ya buɗe gidan ajiye tsofaffin motocinsa a Sochaux a 1988. Watau irin motar da kaji suke kwana a ciki a Kolofata, a wani wuri ana goge ta da ƙyalle mai laushi.

Da sauƙi talaka ya ji wannan ya ce aikin banza ne na waɗanda suka ƙoshi. Amma adalci bai yarda a faɗi haka gaba ɗaya ba. Mai gyara tsohuwar mota yana koyon haƙuri, yana girmama aikin hannun maƙeran da suka riga shi, yana kuma adana abin da yara za su gani su san yadda kakanninsu suka yi zama. Da yawansu ma dalilinsu ɗaya ne da na wan nan na Kolofata, wato irin motar da ubansu ya tuƙa ce a gona.

Duk da haka akwai abin lura. An ƙera akori-kura don ta ɗauki kaya. Darajarta a bayanta take, inda buhu da akuya da mai ciwo suke hawa. Sa'ad da mutum ya tara guda goma, ya kulle su, bai yarda ko ƙura ta taɓa su ba, ya mai da abin aiki ya zama abin kallo, shi kuwa ya zama mai gadi. In ya sami ta goma, zuciyarsa tana kan ta goma sha ɗaya. Wannan ba tunawa ba ce kuma, tarawa ce.

Sai dai kada talaka ya ɗauka shi ya tsira domin tasa ɗaya ce, ba ta ma tashi. Ba yawan kaya ne yake mai da mutum mai tarawa ba, yadda kayan suka kama zuciyarsa ne. Matacciyar mota ɗaya tana iya riƙe mutum fiye da yadda goma masu ƙyalli suke riƙe wani.

Ajiya iri biyu

Littafi Mai Tsarki bai hana ajiye abin tunawa ba, bai kuma yarda da kowace irin ajiya ba. Cikin Fitowa sura 16 an ga iri biyun kusa da juna. An umarci Isra'ilawa kada su bar manna ta kwana, amma waɗansu suka ɓoye, da safe suka tarar ta yi tsutsa tana wari. A cikin surar nan kuma Musa ya sa Haruna ya zuba mudu guda na manna a tulu, a ajiye domin zuriya masu zuwa su ga abincin da aka ciyar da kakanninsu a jeji. Abinci ɗaya ne, amma ajiyar farko ta ruɓe, ta biyu ta zauna. Ta farko tsoro ne ya sa aka yi ta, kowa kuma don kansa ya yi. Ta biyu kaɗan ce, ba ta hana kowa cin abincinsa na ranar ba, domin 'ya'ya da jikoki kuma aka yi ta.

Cikin Joshuwa sura 4, bayan an haye Urdun, aka ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar kogin aka kafa. Dalilin da aka bayar shi ne domin wata rana yara su yi tambaya, iyaye su ba da labari. Aikin duwatsun ke nan, su buɗe bakin yaro da tambaya, su buɗe bakin babba da godiya.

Akwai kuma labari na uku mai ban tsoro. Macijin tagulla da Musa ya yi a jeji, kamar yadda yake cikin Littafin Ƙidaya sura 21, ta wurinsa aka ceci mutane da yawa daga mutuwa. Aka ajiye shi shekaru ɗarurruwa. Amma 2 Sarakuna 18:4 ta nuna sarki Hezekiya ya farfashe shi, gama mutane sun fara ƙona masa turare. Abin da aka cece su ta wurinsa, shi suka mayar mai ceto. Wan nan da yake cewa motar ce ta fitar da su daga wuta, gaskiya ya faɗa, amma rabin gaskiya. Akwai hannun da ya riƙe sitiyari, akwai maƙwabtan da suka tura, akwai kuma Wanda ya tsare hanya a daren.

Amma ba kome ake aunawa da kilo ba

Wani zai ce, to, magana ta ƙare, ƙanen ne da gaskiya, a sayar. Kada a yi garaje. Cikin Markus sura 14 wata mace ta fasa tulun turare mai tsada ta zuba wa Yesu. Waɗanda suke wurin suka yi lissafi nan da nan, suka ga da an sayar da an sami fiye da dinari 300 an ba matalauta. Lissafinsu daidai ne, amma Yesu bai goyi bayansu ba, ya kāre matar. Yahaya sura 12 kuma ta nuna cewa wanda ya fi ɗaga murya a kan matalauta, jakar kuɗi yake so. Ashe ana iya fakewa da bukata a raina ƙauna.

Gidan da ba a bar kome a cikinsa sai abin da yake kawo kuɗi, gida ne mai sanyi. Mutanen da suka yi gudun hijira sun san wannan fiye da kowa. Wanda ya komo ya tarar an ƙone rumbunsa, an kwashe shanunsa, hotunan aurensa sun zama toka, in ya ga abu guda ya ragu daga zamanin zaman lafiya, ba wauta ba ce ya rungume shi. Talaka ma yana da hakkin tunawa. Ba daidai ba ne a ce mai kuɗi a Turai ya ajiye motar ubansa a kira shi mai son tarihi, talaka a Kolofata ya ajiye tasa a kira shi marar tunani.

Sai dai a lura da abu ɗaya cikin labarin matar nan. Ba ta ajiye turaren a tulu tana dubansa ba. Ta fasa, ta zuba a kan mai rai, ƙanshi ya cika gida. Ƙaunarta ba ta tsaya a wurin riƙewa ba, a wurin bayarwa ta bayyana.

Tunawa ta gaskiya

Ƙarfe ba shi da kirki, ba shi da mugunta. A 1987 sojojin Chadi suka kori rundunar Libiya daga Fada da Wadi Dum a kan akori-kura, har aka riƙa kiran yaƙin da sunan Toyota. A ƙasashen Tafkin Chadi an ga 'yan Boko Haram suna ɗora manyan bindigogi a bayan Hilux, irin motar da asibitoci da ƙungiyoyin agaji suke kai magani da ita. Akwai yara a Mayo-Sava da in sun ji ƙarar akori-kura da dare ba amarya suke tunawa ba. Saboda haka in ana yabon wata mota, a gaskiya mai motar ake yabo, da abin da ya zaɓa ya ɗora a bayanta.

Tunawa kuma tana da halin yin kwaskwarima. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mai duban tsohuwar kat-san-kat yakan tuna waƙoƙin hanya, ya manta da ranar da birki ya ƙwace saboda lodi ya yi yawa. Yakan tuna direba, ya manta da yaron mota da ya kwana a ƙarƙashinta cikin sauro, da bakaniken da ya yi gyara bashi, da matar da ta tashi da asuba ta dafa abin guzuri. Tunawar da ta ɗaukaka mutum ɗaya da ƙarfe ɗaya, ta shafe sauran, ba ta cika gaskiya ba.

Ba lalle ne kuma sai da babban kaya ake tuna mutum ba. A Tokombere, cikin Mayo-Sava ɗin nan, Simon Mpeke, wanda aka fi sani da Baba Simon, ya zo daga kudancin Kamaru a 1959. Yana cikin 'yan Kamaru na farko da aka naɗa firistoci a 1935. An san shi da hawan duwatsun Mandara ba takalmi, yana zama da mutane yana sauraronsu. Ya rasu a 1975, amma mutanen duwatsu ba su manta da shi ba, har aka sa wa makarantar sakandare sunansa a garin. Ba a bukaci wani ƙarfe a tsakar gida kafin a tuna shi ba, gama abin da ya bari a cikin mutane yake.

Yadda aka ƙare a gidan

Uwar yaran ba ta sa baki ba sai da gardama ta kai wa da ƙane sun daina cin tuwo a kwano ɗaya. Wata rana bayan addu'ar yamma ta kira su, ta kuma aika aka kira baffansu ya zauna.

Ta ce, "Kuna ta cewa motar Baba, motar Baba. To, ku ji abin da ban taɓa faɗa muku ba. Shekarar da kuɗi ya karye, injin motar nan ya mutu. Awakina na sayar, da kayan ɗakina, aka sayo wani a Banki. Ina da baki a cikinta." Ta juya wajen ƙaramin ta ce, "Kai, ka daina ce mata ƙarfe a gaban ɗan'uwanka. Nonon da ka sha, da kuɗinta aka sayi hatsin da ya kawo shi." Sa'an nan ta dubi babban ta ce, "Kai kuma na san abin da yake cinka. Kana tsoro in motar ta tafi, mahaifinku ya tafi ke nan gaba ɗaya. Ba a cikinta yake ba, ɗana. Ka taɓa ganin ya bar ta tsaye alhali wani yana bukatar a kai shi wani wuri? Ga ƙanwarku tana bukatar a kai ta Garwa. Bari motar ta kai ta."

Babban bai amsa ba a daren. Bayan kwana uku ya ce wa baffansu, "Baffa, na yarda, amma ku bar mini sitiyari."

Aka sayar wa bakaniken Mora inji da giya, ya sa su a wata kat-san-kat da take da sauran ƙarfi. Ƙarfen ƙafafun baya aka kai wa mai walda, ya yi amalanken jaki da shi, ana ɗebo ruwa ana kuma kwaso albasa daga lambu. Sauran jikin mai sayen ƙarfe ya auna ya biya. Ranar da aka zo sarewa, babban bai tsaya ba, tun da sassafe ya ɗauki fartanya ya tafi gona, bai komo ba sai da duhu. Kuɗin bai kai abin da ake bukata ba. Da labari ya kai kunnen maƙwabcin nan Musulmi wanda aka kwashe iyalinsa zuwa Mora, sai ya zo da abin da ya sawwaƙa a ƙulle cikin ƙyalle, ya ce wa uwar, "Wannan kuɗin mota ne. A daren nan maigidanki bai karɓa ba." Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Sitiyarin da lambar motar da ɗan zakin nan na gaban Fijo aka rataye a bangon zaure. Ciwon bai bar zuciyar babban nan da nan ba, wurin da motar ta tsaya ma ya daɗe bai yarda a shuka kome a kai ba. Amma 'ya'yansa, waɗanda a dā suke wasa a cikin motar ba su taɓa tambayar kome ba, da suka ga sitiyari a bango sai suka fara tambaya. Ya zaunar da su ya ba su labarin kakansu, da laka, da daren gudu, ya haɗa har da awakin kakarsu.

Abin da mai karatu zai auna

Ba doka aka kafa ba cewa kowace tsohuwar mota sai an sare ta. Gidan da ba wanda yake jiran kuɗinta, in sun bar ta a inuwa, ko sun gyara ta tana fita ranar biki, ba laifi. Wanda Allah ya ba hali ya raya tsohuwar kat-san-kat domin 'yan baya su gani, ya yi aiki mai kyau, musamman in ya bar ta tana ɗaukar mutane. Amma wanda yake da irin wannan ajiya, mota ce ko keke ko gona ko akwati, ya kamata ya zauna ya tambayi kansa da gaskiya. Abin nan yana sa a ba da labari a yi godiya, ko kuwa yana tsaye ne shiru ana tsoron taɓa shi? Akwai mai rai a gidan da yake biyan kuɗin ajiyarsa da karatunsa, ko lafiyarsa, ko zumuncinsa? Shi mai abin, da yana nan, me zai yi da shi yau?

Tambaya ta ƙarshe ita ta fi sauƙin amsawa, gama 'ya'ya sun san halin iyayensu. Direban da ya yi shekara 30 yana tsayawa a hanya yana ɗaukar tsohuwa da kayanta, ba a girmama shi da mota tsayayyiya alhali 'yarsa tana neman abin hawa. Girmamawar da ta dace da shi ita ce a sami wani a gidansa wanda yake tsayawa a hanya kamar yadda shi ya saba.